A Auna Kafin A Canza: Lacca Kan Rawar Inji Idan Mota Tana Tsaye

 

Matsalar da ta tara mu yau, duk wanda ya jima yana riƙe sitiyari ya san ta. Mota tana tafiya sumul a kan titi, amma da an tsaya a danja ko an shiga cunkoso, direba ya ɗauke ƙafa daga totur, sai ta kama rawa. Sitiyari yana kakkarwa, allurar da ke nuna juyin inji tana hawa tana sauka, in an kunna esi ko an saka giya sai ka ji injin yana neman ɗaukewa. A gareji sai a ce ba ta da silo, ko a ce tana misin. A canza fulogi, ta yi kwana uku ta koma gidan jiya. A wanke nozul, a sayo kwayil, a sayo famfon mai, a ƙarshe wani ya ce ai injin ne ya gaji, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo wani. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, mafi yawan kuɗin da ke salwanta a kan wannan matsala suna salwanta ne saboda ana canza kaya kafin a auna. Rawar inji alama ce da abubuwa da yawa ke iya kawowa, kuma akwai hanyoyi masu sauƙi, marasa tsada, na tantance wanne ne daga cikinsu tun ba a kwance ƙusa ɗaya ba. Na san akwai masu ja da wannan, cikinsu har da mutanen da suka fi ni daɗewa a ƙarƙashin bonet, kuma zan amsa musu da girmamawar da ta kamace su.

Bari mu fara da dalilin da ya sa cutar ta fi bayyana idan mota tana tsaye. Injin fetur da ke cikin motocinmu yana aiki ne da tsarin bugu huɗu wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kore hayaƙi. Kowace silinda tana ba da wuta sau ɗaya a cikin juyi biyu. Saboda haka inji mai silinda huɗu da ke juyi 700 a minti yana ba da wuta sau 1,400 a cikin mintin nan, wato kusan sau 23 a kowace daƙiƙa. Kafin kowace ɗaya ta yi kyau, sai iska da mai sun haɗu daidai gwargwado, a nauyi kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, sai an matse su sosai, sai tartsatsi ya zo a kan lokacinsa. To a silo, wato idan mota tana tsaye inji yana aiki, marfin totur kusan a rufe yake. Iskar da ke shiga 'yar kaɗan ce, man da nozul ke fesawa ɗan ƙyas ne, kuma injin ba shi da ƙarfin gudu da zai rufa masa asiri. In akwai ɗan tsagi a jikin tiyo da iska ke satar hanya ta cikinsa, a gudun kilomita 100 ba za ka ji komai ba, domin abin da ke shiga ta tsagin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da iskar da ke bi ta ƙofa. A tsaye kuwa, wannan tsagin yana iya kawo wani babban kaso na duk iskar da injin ke shaƙa. Shi ya sa inji yake fara faɗin gaskiyarsa a silo, makonni ko watanni kafin ya faɗe ta a kan hanya.

Daga nan za a ga cewa rawar ba ta nuna abu ɗaya. Kamar zazzaɓi take a jikin ɗan Adam: mai cizon sauro yana yi, mai taifod yana yi, mai ƙurji ma yana yi, kuma likitan kirki sai ya aika gwajin jini kafin ya rubuta magani. Iskar da ta saci hanya tana sa rawa. Fulogin da bakinsa ya cinye, ko kwayil ɗin da ya fara zubar da wuta, suna sa ta. Nozul ɗin da ya toshe yana sa ta, wanda ke ɗiga ma yana sa ta, alhali ɗaya ƙarancin mai ne ɗaya kuma yawansa. Baƙin dauɗar da ke taruwa a maƙogwaron totur tana sa ta, haka bawul ɗin da ya ƙone ya daina rufewa. A nan arewa muna da ƙari a kan wannan, wato ƙurar hunturu. Sensar da ke auna iskar da ke shiga inji wata siririyar waya ce mai zafi, iska na wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfutar mota ke gane yawan iskar. In matacin iska ya yage, ko an buge shi an mayar shekara da shekaru, ƙura ta lulluɓe wayar, sai ta riƙa ba da rahoton ƙarya, kwamfuta kuma ta raba mai bisa ƙaryar. Wanda ya ji rawa ya ce fulogi ne, ba tare da wata shaida ba, ya zaɓi ɗaya ne daga cikin dalilai fiye da goma. Yana iya dacewa. Amma mai mota ne zai biya kuɗin duk lokutan da bai dace ba.

Ya kamata mu yi wa tsohuwar al'adar adalci, domin ba daga sama ta faɗo ba. Tun 1975 da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ƙarni guda na kanikawa suka tashi a kan 504 da 'yan'uwanta. Waɗannan motoci kafireta gare su da distirbuta. Silo sukuru ne ake murɗawa, haɗin mai da iska ma sukuru ne, taimin kuwa sai a sassauta distirbuta a ɗan juya shi ana saurare. A wannan zamani kunnen gwani shi ne ma'auni, kuma ma'auni ne mai kyau, domin duk abin da ke iya lalacewa hannu yana kaiwa gare shi. Motocin da suka cika titunanmu yanzu daban suke. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Kusan dukkansu kwamfuta ce ke raba musu mai da wuta, wadda a gareji ake kira birenbos. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake jona na'ura a karanta abin da kwamfutar ta gani. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ke nan motar da aka shigo da ita ta Legas ko ta Kwatano ta zo da rubutaccen bayanin ciwonta a cikinta. Amma hannu ya saba da sukuru. Sai ka ga an ja wayar totur an ɗaure, ko an murɗa ɗan sukurun da ke tsayar da marfin, wanda masana'anta ta daidaita ta hana taɓawa, domin a ɗaga silo rawar ta ɓuya. Rawar kam tana ɓuya. Dalilinta yana nan, an kuma ƙara masa shan mai da fizgar giya.

Bari in ɗauki mota ɗaya da kowa ya sani domin magana ta sauka ƙasa: Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai inji lita 1.8. Sanannen abu ne a wurin masu gyaranta a ƙasashe da dama cewa gasket ɗin robar da ke tsakanin manifol ɗin iska da kan inji yana bushewa idan ya tsufa, ya kwanta, ya daina toshewa. Da safiyar hunturu, roba ta ƙanƙance saboda sanyi, sai ka tayar da motar ta yi ta rawa kamar za ta mutu. In ta yi zafi, ƙarfe da roba suka buɗe, sai ta lafa. Fitilar nan mai hoton inji ta kama. In an jona na'ura, lambar da aka fi gani ita ce P0171, ma'anarta iska ta fi mai yawa a haɗin. A nan ne hanya ta rabu biyu. Mai gaggawa zai ce mai ba ya isa, a sayo famfo. Mai haƙuri zai buɗe wani shafi a na'urar, inda kwamfuta ke nuna ƙarin man da take yi domin ta cike giɓi. A lafiyayyen inji wannan adadi yana kusa da sifili, ba ya cika wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa. A wannan motar sai ka gan shi ya haura 20 a silo. Sai bakanike ya ce wa yaronsa ya taka totur ya riƙe a juyi 2,500. In adadin ya sauko kusa da sifili, magana ta ƙare: iska ce ke satar hanya, domin tasirinta yana raguwa idan ƙofa ta buɗe. In kuwa adadin yana da sauƙi a silo amma yana hawa idan aka taka, sai a koma kan famfon mai da matacinsa da sensar iska, domin su ne ke gazawa idan buƙata ta ƙaru. Minti biyar ke nan, ba a taɓa sifana ba, an raba tsakanin gasket mai araha da famfo mai tsada. Abin da ya rage sai a hura hayaƙi cikin manifol ta wani tiyo a ga inda zai ɓullo.

Ba kowane gwaji ne ma yake buƙatar na'ura ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga wanda zai ce ba shi da ita. A ce silinda ta uku ce ke misin, ko na'ura ta nuna P0303, ko an zare wayoyin nozul ɗaya bayan ɗaya an ga ita ce zarewarta ba ta canza komai. A wannan injin kowace silinda da kwayil ɗinta. Sai a ɗauke kwayil na uku a kai shi ta ɗaya, a kawo na ɗaya ta uku. In misin ɗin ya bi kwayil ya koma ta ɗaya, an kama ɓarawo, kwayil ɗaya za a saya, ba huɗu ba. In ya tsaya a ta uku, sai a yi wa fulogi irin wannan musaya, sannan nozul. In duk an yi yana nan, to ciwon a cikin silindar yake, sai a ɗaura ma'aunin matsi. Shi kansa fulogin da aka ciro takarda ce ga mai iya karatu. Wanda ya fito da baƙin gari busasshe ya sha mai fiye da kima. Wanda ya fito da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. Wanda ya fito fari fat ya sha zafi da ƙarancin mai. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa suna da dauɗa, a yi zargin ruwan lagireto yana shiga wannan silinda. Tsofaffin kanikawa sun fi kowa sanin wannan karatun, kuma shi ma awo ne.

Ja na farko da ake yi shi ne, duk wannan dogon bayani ne, matsalarmu man da ake sayar mana ne. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba za a ɓoye ta ba. A watan Fabrairun 2022 hukumomin man fetur na Najeriya da kansu suka amsa cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam, aka janye shi daga kasuwa, dogayen layuka suka biyo baya, motocin mutane kuma suka lalace. Ban da wannan, akwai tankunan ƙasa da ruwa ke shiga da damina, akwai jarkar 'yan bumburutu da ba wanda ya san abin da aka zuba a cikinta jiya. Amma mugun mai yana da alamominsa, kuma ana iya tantance su. Yana farawa ne bayan an sha mai, ba a hankali cikin watanni ba. Yana taɓa duk silindodi, ba ya zaɓar ta uku ya bar sauran. In an zuƙo kaɗan a farar kwalba aka ajiye, ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ido ya gan shi. In an juye tanki aka zuba mai kyau, ko dai rawar ta tafi, ko kuma ta bar ɓarna a mataci da famfo, wanda ma'aunin ƙarfin mai zai nuna. Motar da ta yi wata shida tana rawa, ta sha mai a gidajen mai goma daban-daban, ba za a ci gaba da ɗora wa fetur laifinta ba. Kasancewar man namu ba shi da tabbas ma ƙarin dalili ne na yin awo, domin ya ƙara ɗaya a kan jerin waɗanda ake zargi.

Ja na biyu ya fi na farko ƙarfi, kuma daga bakin masu motoci yake fitowa. Suna cewa, mun je an jona kwamfutar, mun biya, ta ce sensar salansa ce, mun saya mun saka, rawa tana nan. Wannan yana faruwa kullum, kuma ya ɓata wa na'urar suna. Amma a duba abin da ya faru. Na'ura ba ta taɓa cewa a sayi kaza ba. Abin da take faɗa shi ne, kwamfuta ta ga wani adadi ya fita daga iyakarsa. Sensar iskar oksijin da ke jikin salansa, wadda kamfanin Bosch ya ƙera aka fara sakawa a motoci a 1976, aikinta ta shinshina hayaƙi ta ba da labarin ko haɗin ya yi daidai. In ta ce iska ta yi yawa, sau da yawa gaskiya ta faɗa, akwai tsagi a wani wuri. Wanda ya cire ta ya saka sabuwa ya kori mai kawo labari ne, sabuwar kuma za ta zo ta faɗi abin da tsohuwar ta faɗa. Mai jona na'ura ya karanta lamba ya aika Ƙofar Ruwa, shi ma lalube yake yi cikin duhu, sai dai nasa laluben da allo a hannu. Lambar tana nuna unguwar da za a shiga ne kawai. Gano gidan sai da tunani da gwaji na biyu. Game da tsada kuwa, a yau akwai ƙananan na'urori da ake jonawa da wayar hannu, waɗanda kuɗinsu bai kai na saitin kwayil ba, kuma suna nuna adadin da na ambata ɗazu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zauna ya koya wa yara fassara abin da suke gani.

Ja na uku shi ne wanda na fi son mu daɗe a kansa, domin ya zama kamar doka a garejojinmu. Mota na isowa daga Turai, sai a ce a cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, wai an yi shi ne domin ƙasar ƙanƙara, mu kuwa zafi gare mu. Tamostat ɗan bawul ne da ke riƙe ruwa a cikin inji har ya yi zafi, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto, galibi tsakanin digiri 80 da 90. A wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki. Ranar da ta fi kowace zafi a Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu, iska tana kaiwa digiri arba'in da 'yan kai, wato rabin abin da injin ke nema. Irin waɗannan motoci suna yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu. Me ke faruwa in an cire shi? Akwai sensar da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa. Muddin ta ce inji da sanyi, kwamfuta za ta ƙara mai ta ɗaga silo, domin haka aka koya mata ta yi da safe na 'yan mintuna. Injin da ba shi da tamostat, fanka kuma tana kaɗawa ba tsayawa, yana daɗewa bai kai zafinsa ba, a daren hunturu a kan babbar hanya ma yana iya ƙin kaiwa sam. Sai fulogi ya yi baƙi, dauɗa ta taru, ragowar fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara cikin tukunyar mai ya tsinka shi, zobba su riƙa cinyewa. Bayan shekara mai mota ya dawo da rawa da shan mai, ba wanda zai tuna da abin da aka jefar. Ƙari a kan haka, a injuna da yawa tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeriyar hanya idan ya buɗe babbar, domin ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto. In babu shi, wani kason ruwan yana zagayawa bai je an sanyaya shi ba. Na yarda tamostat yana iya maƙalewa a rufe ya dafa inji, kuma wanda abin ya same shi tsakanin Zariya da Funtuwa ya cire shi domin ya isa gida, bai yi laifi ba. Amma da ya isa, sabo ya kamata ya saka. Motar da ke zafi da lafiyayyen tamostat kuwa, a duba lagireton da ruwan rijiya ya toshe, da murfinsa da ya saki, da famfon ruwa, da fankar kanta.

Akwai kuma masu cewa, tun da tana tafiya, a bar ta. Har a kan samu wanda zai sa a cire ƙwan fitilar gargaɗin ko a liƙe ta da baƙin salatif. Lissafin wannan ba ya fita. Silindar da ba ta ƙona manta ba, ɗanyensa take turawa cikin salansa. A can akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira indomi, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da aka shafe da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Ɗanyen fetur yana kamawa da wuta a cikinta, zafi ya narkar da ramukan, hanya ta toshe, mota ta rasa ƙarfin hawa ko ƙaramin tudu. Shi ya sa aka tsara fitilar ta riƙa ƙyaftawa idan misin ya yi tsanani, tana cewa a tsaya yanzu. Kwayil ɗaya da aka ƙi saya ya jawo asarar abin da ya ninka shi sau da yawa. Ga kuma man da ke tafiya a banza. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Ɗan tasi ko mai jigilar yara makaranta da ke yini cikin cunkoso da injin da ke shan fiye da rabonsa, kullum yana biyan kuɗin gyaran da bai yi ba.

To me ya sa al'adar ta ƙi mutuwa, alhali hujja a fili take? A ganina laifin ba na kanikawa kaɗai ba ne, kuma ba jahilci ne tushensa ba. Yadda muke biyan kuɗin aiki ne. Bakaniken da ya ɓata awa guda yana awo, ya gano ɗan tiyon da ya tsage, ya yanke bakinsa ya mayar, mai mota zai ce ai ba ka yi komai ba, ya miƙa masa na shan ruwa. Wanda ya kwance rabin inji ya tara tsofaffin kaya a ƙasa, shi ake gani ya yi aiki, shi ake biya. Mun koya wa masu sana'a cewa tunani kyauta ne, ƙarfe ne ke da kuɗi, sun kuma ɗauki darasin. In ana son abin ya canza, sai mai mota ya yarda ya biya kuɗin bincike daban, ko da ba a canza komai ba, shi kuma bakanike ya yarda a tambaye shi: Oga, me ka gani da ya nuna wannan ne? Tambayar ba raini ba ce, gwani ma daɗinta yake ji, domin ita ce ke bambanta shi da mai kame-kame. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC mai kula da harkar motoci suna da rawar takawa wajen horarwa, amma horon da zai zauna shi ne wanda maigidan gareji zai yi wa yaransa a kan motar da ke gabansu. Yaron da ya iya latsa waya, in aka haɗa shi da kunnen maigidansa, an samu abin da ɗayansu shi kaɗai ba zai iya ba.

Awo yana da wani amfani da ba a cika ambata ba, shi ne yana gaya maka inda za ka tsaya. Wani lokaci za a duba a ga ba misin, adadin mai daidai, allura tsaye cak, amma mota tana jijjiga idan an saka giya. Wannan injin lafiyarsa ƙalau, robobin da yake zaune a kansu ne suka mutu, suna miƙa wa jikin mota girgizar da ya kamata su shanye, kuma ba fulogin da zai gyara wannan. Wani lokaci kuma labarin ba shi da daɗi. An ɗaura ma'aunin matsi, silinda uku sun yi kusa da juna, ɗaya ta faɗi ƙasa da su da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Sai a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In matsin ya tashi, zobba ne suka cinye, man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kan inji. Na farko yana nufin sauke inji, na biyu yana iya tsayawa a buɗe kai kawai, kuma tsakanin kuɗinsu akwai nisa. A rubuta wa mai mota adadin silindodin nan huɗu a takarda, a gaya masa abin da kowace hanya za ta ci, shi ya zaɓa ko zai gyara yanzu, ko zai lallaɓa zuwa lokacin da ya samu hali, ko zai nemi wani injin. Wanda zai sayi injin ma, ya sa a yi masa wannan awon kafin ya biya.

A nan zan dakata, sai mu ji tambayoyi.